Injinan da Ke Raba Hanya: Lacca kan Zaɓe da Saita Rauta da Suwic a Kamfanonin Intanet



A daren Litinin 12 ga Nuwamba 2018, wasu masu amfani da Google a Amurka da wasu ƙasashe suka ga shafukansu sun tsaya cak. Da masana suka bi sawun bayanan, sai suka tarar sun ɗauki wata doguwar hanya mai ɗaure kai: sun ratsa wani kamfanin sadarwa na Rasha, sun faɗa China Telecom, suna neman isowa Legas. Nan take aka fara raɗe-raɗin leƙen asiri. Washegari kamfanin MainOne na Legas ya fito ya yi bayani cewa ana cikin aikin inganta cibiyarsa ne aka yi kuskure a saitin shingen da ke tantance hanyoyin da rautarsa ke tallatawa. Hanyoyin Google da ya samu a cibiyar musayar intanet ta Legas, waɗanda amfaninsu bai kamata ya wuce shi da kwastomominsa ba, su ya sanar wa China Telecom, ita kuma ta karɓa ta baza wa duniya. Sai da aka yi minti 74 kafin a gyara.

A wannan dare babu injin da ya ƙone, babu wayar da ta tsinke. Na'urori masu tsada sun yi daidai abin da aka rubuta musu. Shi ya sa maganar sayen rauta da maganar saita ta ba sa rabuwa, kuma a yawancin manyan haɗurran da aka gani, ta biyun ce ta ci mutane.

Da farko a bambance na'urorin biyu, domin a kasuwa ana yawan cakuɗa su. Suwic kamar mai unguwa yake: ya san kowane gida da ke ƙarƙashinsa da lambarsa, wato adireshin MAC, yana miƙa saƙo daga wannan ƙofa zuwa waccan cikin sauri, amma iliminsa ya ƙare a bakin unguwa. Rauta kuwa ɗan kamasho ne a babbar tasha. Bai san gidan da fasinja zai sauka ba, amma ya san motar da ta nufi garin, kuma idan hanyar ta lalace ya san wadda za a zaga. Da adireshin IP yake aiki, da kundin hanyoyin da yake tattarawa daga maƙwabtansa.

Cibiyar kamfanin intanet tana da sassa uku. Akwai bakin iyaka, inda ake haɗuwa da manyan kamfanonin da ake saye a sari wurinsu da kuma cibiyar musaya. Akwai tsakiya, inda aikin kawai shi ne kwashe kaya da gudu. Akwai ɓangaren kwastoma, inda ake tantance wanda ya biya, a auna masa gudun da ya saya, a ba shi adireshi. Kowane sashe da irin injin da ya dace da shi, kuma ƙaramin kamfani yakan ɗora duka ukun a kan akwati guda. Hakan yana yiwuwa a shekarar farko, sai dai ranar da akwatin ya yi tari, kowa ya kwana babu intanet.

Tambayar farko a bakin iyaka ita ce yawan hanyoyin da injin zai iya riƙewa. Ranar 12 ga Agusta 2014 ta shiga tarihin sana'ar saboda wannan. Kundin hanyoyin intanet na duniya ya daɗe yana matsowa kusa da 512,000, sai a ranar wani kuskure daga Verizon ya ƙara dubbai a kai na ɗan lokaci. Tsofaffin injinan Cisco samfurin 6500 da 7600, waɗanda suka cika kamfanoni a lokacin, sun zo daga masana'anta da wurin da aka ware wa hanyoyin IPv4 daidai wannan adadi a ma'adanarsu mai sauri. Da wurin ya cika, wasu suka koma jan ƙafa, wasu suka riƙa zubar da bayanai. Abin takaicin shi ne da yawansu suna da sauran fili a ma'adanar. Umarni ne kawai za a rubuta a sake rabon wurin, a kashe injin a kunna. An yi gargaɗi watanni kafin ranar. Waɗanda ba su karanta ba su suka sha wuya.

A yau kundin IPv4 yana wajen miliyan ɗaya, na IPv6 kuma ya haura 200,000, kuma duka biyun ƙaruwa suke yi. Wanda zai sayi rautar iyaka da niyyar ta yi masa shekara bakwai, sai ya duba lamba biyu daban: hanyoyin da ƙwaƙwalwar injin za ta iya haddacewa, da waɗanda cip ɗin da ke tura bayanai zai iya ɗauka. Dillali ya fi son ambaton ta farko domin ta fi girma, alhali ta biyun ce ke cika.

Amma fa ba kowane kamfani ke buƙatar cikakken kundin ba. Mai sayen intanet daga wuri ɗaya tak, hanya ɗaya gare shi zuwa duniya, don haka layi guda da ke cewa "duk abin da ba namu ba, a miƙa wa wane" ya wadatar. Mai wuri biyu ma zai iya karɓar hanyoyin cikin gida da na manyan kamfanonin da kwastomominsa suka fi ziyarta, ya bar sauran ga hanyar gama-gari. Akwai injiniyoyin da ke jan hanya miliyan ɗaya cikin ƙaramin inji don a ce su ma sun girma, sannan duk lokacin da layi ya ɗan yanke injin ya ɗauki mintuna yana sake lissafi, kwastoma na ta kiran ofis.

Tambaya ta biyu ita ce gudu, kuma nan takardar talla ta fi ruɗar mutane. Bayanai suna tafiya a fakiti-fakiti, kuma wahalar injin tana kan yawan fakitin fiye da nauyinsu. Layin gigabit 10 da aka cika da mafi ƙanƙantar fakiti, mai bayit 64, yana kawo fakiti miliyan 14.88 a daƙiƙa guda. Idan manyan fakiti ne masu bayit 1,500, ba su kai miliyan ɗaya ba. Saboda haka injin da aka gwada da manyan fakiti aka rubuta masa lamba mai kyau zai iya durƙushewa ranar da aka kai wa kwastoma harin ambaliyar ƙananan fakiti.

Nan ne bambancin farashi ya samo asali. Yawancin rautocin MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya da ƙananan kamfanonin intanet na Afirka suka runguma, da babbar ƙwaƙwalwar injin suke tura bayanai, kamar kwamfuta. Suna da araha, suna yin kusan komai, kuma ba a rasa matashin da ya iya su a kowane babban gari. Sai dai kowace doka da aka ƙara, ta auna gudu ko ta tace bayanai, tana cin wani abu daga ƙarfinsu. Manyan injina irin su ASR 9000 na Cisco, MX na Juniper, 7750 na Nokia da NetEngine na Huawei suna da cip na musamman da ba shi da wani aiki sai tura fakiti, ita kuma ƙwaƙwalwar ta ji da lissafin hanya. Juniper ya yi suna da wannan tsari tun da ya fito da M40 a 1998. Kamfani mai kwastoma 'yan ɗaruruwa a unguwanni biyu ba shi da dalilin cin bashin dala don sayen irin waɗannan. Wanda ke ɗauke da layukan bankuna da jami'o'i kuwa, arahar farko za ta iya zame masa tsada.

Akwai wani abu da ba a cika tambaya ba, shi ne girman ɗakin jira na cikin injin. Idan bayanai suka shigo ta ƙofar gigabit 100 za su fita ta ƙofar gigabit 10, ko ta layin rediyo da bai wuce gigabit ɗaya ba, dole wasu fakitin su jira. Suwic ɗin da aka ƙera don ɗakin manyan kwamfutoci, inda duk ƙofofi kusan gudunsu ɗaya, ɗakin jiransa ƙarami ne, megabayit 'yan gomomi ga ƙofofin duka. Yana da arha kuma ƙofofinsa da yawa, shi ya sa yake jan ido. Aka sa shi inda babban layi ke zubewa cikin ƙanana, sai ya riƙa zubar da fakiti na ɗan ƙiftawar ido. Jadawalin ofis zai nuna layin bai cika ko rabi ba, domin matsakaicin minti biyar yake nunawa, amma bidiyon kwastoma yana ta sarƙewa.

Sai wurin da injin zai zauna. Yawancin waɗannan na'urori an rubuta musu iyakar zafi wajen digiri 40, kuma kowa a nan ya san abin da ma'auni ke nunawa a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, balle cikin akwatin ƙarfe a gindin turken sadarwa. Ƙurar hunturu tana toshe ragar iska, fanka ta yi ta ƙugi har ta gaji. Saukar aradu a damina tana bin waya ta cinye ƙofofi idan ba a binne wayar ƙasa da kyau ba. Injin da za a kai irin wannan wuri yana buƙatar ya zama wanda aka ƙera don zafi, mai gidan wuta biyu, kowanne a kan layinsa, kuma zai fi kyau ya zama mai cin wutar batir kai tsaye, bolt 48 da kamfanonin waya suka saba da ita, don kada ya mutu ya tashi duk lokacin da aka sauya daga wutar gari zuwa janareta. Babbar rauta tana ɗaukar mintuna kafin ta gama tashi ta sake gaisawa da maƙwabtanta.

Kuɗin saye kuma somin taɓi ne. Wasu injinan ƙofofinsu a kulle suke sai an biya lasisi, wasu sabunta manhajarsu sai da kwangilar shekara-shekara, duk da dala. Na gwanjo yana da amfaninsa, musamman a matsayin na ajiya, muddin an duba ko masana'anta ta daina fitar masa da gyaran tsaro. Jabu ma suna yawo: a 2024 wata kotun Amurka ta ɗaure wani ɗan kasuwa, Onur Aksoy, shekara shida da rabi saboda sayar da jabun kayan Cisco da suka shiga har asibitoci, makarantu da cibiyoyin soja. Kuma matsakaitan injina biyu iri ɗaya, ɗaya na aiki ɗaya na taya shi, sun fi katafaren inji guda da sai an jira makonni kafin kayan gyaransa su fito daga tashar jirgi.

To, an saya, an ɗaura, an jona. Saura rubutu.

Yaren da kamfanoni ke sanar wa juna hanya da shi, BGP, a 1989 aka tsara shi. Kirk Lougheed na Cisco da Yakov Rekhter na IBM ne suka zana shi a kan takardun goge baki lokacin cin abinci a wani taron injiniyoyi. A zamanin masu intanet kaɗan ne kuma sun san juna, don haka an gina shi a kan yarda: abin da maƙwabci ya faɗa gaskiya ne. Har gobe haka yake, sai dai in mai injin ya kafa shinge da hannunsa.

Ranar 24 ga Fabrairu 2008, Pakistan Telecom ya so toshe YouTube a cikin ƙasar bisa umarnin gwamnati. Ya ƙirƙiri hanyar ƙarya zuwa wani yanki na adireshin YouTube, hanyar ta tsallake zuwa PCCW na Hong Kong, shi kuma bai tace ba ya yaɗa. A ƙa'idar rauta, sanarwar da ta fi ƙayyade wuri ita ke rinjaye, kuma ta Pakistan ta fi ta YouTube ƙayyadewa. Kusan awa biyu masu neman YouTube a sassan duniya suna faɗawa rami.

Maganin ba sirri ba ne. Abin da zai fita daga kamfani a jera shi da suna: adireshinsa da na kwastomominsa, sauran duka a hana. Abin da zai shigo daga kwastoma a karɓi wanda aka tabbatar nasa ne kawai. Kowace hanya a yi mata lamba tun a ƙofar da ta shigo, a san wannan daga kwastoma take, wannan daga abokin musaya, wannan daga mai sari, sannan dokar fita ta dogara da lambar. Tun 2017 akwai ƙa'idar da ta ce rauta kada ta karɓa ko ta sanar da komai ga baƙon kamfani sai an rubuta mata doka, amma ba duk manhajoji ke zuwa da wannan a kunne ba, don haka sai an gwada. Sai kuma RPKI, inda mai adireshi ke sa hannun lantarki a wurin hukumar rabon adireshi, wadda a Afirka ita ce AFRINIC da ke Morishas, yana bayyana kamfanin da ya halatta ya tallata adireshinsa. Wannan yana maganin irin abin da ya faru a Pakistan. Ba ya maganin irin na Legas, domin a can sanarwar ba ta canza mai adireshin ba, hanyar ce kawai ta bi inda bai kamata ba. Wanda ya kunna RPKI ya cire sauran shingaye ya yi gyaran gangar auzinawa.

Ko shingen ma yana iya juyowa kan mai shi. Akwai dokar da ke cewa idan maƙwabci ya turo hanyoyi fiye da adadi kaza, a yanke hulɗa da shi. Doka ce mai kyau a bakin iyaka. A ranar 8 ga Nuwamba 2023, bayan wani aikin sabunta manhaja a cibiyar Singtel, uwar kamfanin Optus na Ostireliya, hanyoyi masu yawa suka kwararo cikin Optus, suka haura iyakar da ke kan rautocinsa, kusan 90 daga ciki suka ware kansu. Mutum wajen miliyan 10 suka wuni babu waya babu intanet, wasu ko lambar agajin gaggawa ba su iya kira ba, kuma kafin wata ya ƙare shugabar kamfanin ta ajiye aiki. A Kanada kuwa akasin haka aka yi: ranar 8 ga Yuli 2022 ma'aikatan kamfanin Rogers suka goge wani shinge yayin gyara, hanyoyi suka yi wa injinan tsakiya ambaliya, fiye da mutum miliyan 12 suka yanke, har katin cire kuɗi ya daina aiki a shaguna. Duk lambar da ke cikin saiti, ko wadda injin ya zo da ita daga masana'anta, ya kamata a sami wanda ya san dalilinta da abin da zai faru idan an kai ta.

A ɓangaren suwic, babban abokin gaba shi ne zobe. Fakitin suwic ba shi da wa'adin mutuwa kamar na rauta, don haka idan waya ta zaga ta dawo, saƙo guda zai yi ta yawo yana hayayyafa har ya cika layi. Radia Perlman ta ƙirƙiro maganin wannan a 1985, tsarin da ke rufe ƙofar da ta kammala zobe, amma yana da iyakar faɗin da zai iya kula da shi. Asibitin Beth Israel Deaconess na Boston ya gane haka a Nuwamba 2002, lokacin da cibiyarsa ta suwic zalla ta yi faɗi fiye da kima ta rushe, likitoci suka koma takarda da biro kusan kwana huɗu. Kamfanin intanet da ya shimfiɗa gari guda a kan suwic kaɗai yana jiran ranar da wani kwastoma zai soka bakin waya biyu a akwati ɗaya. A taƙaita faɗin kowane yanki, a sa rauta tsakaninsu, a ƙayyade yawan adireshin MAC da kowace ƙofar kwastoma za ta koya, a hana kwastomomi ganin juna kai tsaye. A kuma tuna lambobin VLAN da ake raba kwastomomi da su 4,094 ne kacal. Mai shirin girma ya tsara lamba biyu-biyu ko tsarin MPLS tun kafin su ƙare.

Adireshi ma ya yi ƙaranci. Rumbun IPv4 na duniya ya ƙare a Fabrairu 2011, kuma tun Janairu 2020 AFRINIC ba ta ba da fiye da 1,024 a buƙata guda. Sabon kamfani dole ya cusa kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, aikin da ke cin ƙarfin inji, yake buƙatar adana rajistar wanda ya yi amfani da me a wane lokaci, kuma idan wani shafi ya toshe mutum ɗaya saboda laifinsa sai ya haɗa da maƙwabtansa. IPv6 kuwa ana ba kamfani rabon da ba zai iya cinyewa ba, kuma Google da Facebook da Netflix duk suna amsawa da shi. Duk bidiyon da ya bi ta IPv6 nauyi ne da aka sauke wa injin cusa adireshi.

Game da sayen intanet daga wuri biyu, ranar 14 ga Maris 2024 ta koyar da darasi. Wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, ACE, SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa kusan lokaci guda. Kamfanonin da ke taƙama da masu sari biyu suka gano duka biyun teku ɗaya suke bi, yayin da masu hanya a kan wayoyin Equiano ko Glo-1 suka sami wurin juyawa. A tudu ma haka ne: faiba biyu da ke kwance a rami ɗaya a gefen titin Abuja zuwa Kaduna, katafila ɗaya ce za ta tsinke su. A tambayi mai sari taswira. Sannan a shiga cibiyar musaya ta IXPN, wadda aka kafa a 2006 kuma take da reshe har a Kano. Haske a cikin faiba yana cin wajen daƙiƙa ɗaya cikin dubu a kowace kilomita 200, don haka saƙon da zai je Landan ya dawo don kawai ya isa wani kamfani a gari ɗaya ya yi asarar lokaci da dala.

Ƙofar da injiniya ke shiga injin ita ce ɓarawo ma ke nema. A 2018 aka gano rami a manhajar Winbox ta MikroTik, aka fitar da gyara a watan Afrilu, amma injinan da aka bari a buɗe sun ci gaba da zama sojojin haya, har aka alaƙanta su da rundunar Mēris da ta kai manyan hare-hare a 2021. A Oktoba 2023 dubun-dubatan injinan Cisco da aka bar shafin sarrafa su yana kallon intanet suka faɗa hannun masu kutse cikin 'yan kwanaki. Ƙofar sarrafawa a killace ta ga adireshin ofis kaɗai, kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, a kashe duk hidimar da ba a amfani da ita.

Kowane saiti a adana kwafinsa a wajen injin, da tarihin wanda ya canza me. Kafin a taɓa injin da ke nesa a ɗaura masa igiyar dawowa: manhajar Junos ta Juniper tana da umarnin da ke mayar da tsohon saiti bayan minti 10 idan ba a tabbatar da sabon ba, MikroTik yana da yanayin kariya da ke warware canji idan layin injiniya ya yanke, a Cisco kuma akan sa injin ya sake tashi bayan wasu mintuna sai in an soke. Sai a tanadi hanyar shiga da ba ta dogara da cibiyar kanta ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021 wani umarni yayin gyara ya yanke ƙashin bayan cibiyar Facebook, ya tafi da WhatsApp da Instagram wajen awa shida. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa hanyoyin shigarsa daga nesa sun mutu tare da cibiyar, sai da aka tura injiniyoyi ɗakunan injinan da ƙafarsu, tsaron ƙofofin ya ƙara jinkirta su. Ga kamfanin da rautarsa ke Gusau injiniyansa na Kaduna, abin da ake buƙata ƙaramin akwati ne da aka jona a ƙofar gyara ta injin, da batirinsa, da layin waya na wani kamfanin daban, a kuma riƙa gwada shi duk wata don a tabbatar layin bai mutu ba saboda rashin kati.